Jinyar Yaya Mai Inji

Yayata ce ta raine ni. Innarmu ta rasu ina rarrafe, don haka da aka kai Yaya ɗakin miji a Nasarawan Doya, da ni aka haɗa cikin kaya. A bayanta na yi wayo. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda za ta ɗaga buhun masara ta aza a kan benci ba ta ce a kama mata ba. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Auta.

Sau ɗaya ta taɓa haihuwa, 'ya mace, ita ma ƙyanda ta ɗauke ta tun ba a yaye ta ba. Bayan an yi mini aure a Kudan, mijinta ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya, ya bar mata injin niƙa a zauren gida. Kowa ya zaci sayarwa za ta yi. Sai ta tamke ɗankwali ta koyi tayar da shi da kanta. Matan unguwa suka fi son niƙanta, don garinta da laushi, kuma ba ta barin kowa a tsaye.

Wata shekara da kaka, bel ɗin injin ya kama bakin zanenta ya fyaɗa ta da ƙasa. Ba ta karye ba, amma bayanta bai sake komawa daidai ba. Wani mai kemis a bakin hanya ya ba ta tiramol, ƙwayar nan da masu saran rake ke sha don kada su ji gajiya. Ta sha ta miƙe kamar ba ita ba. Daga ɗaya ta koma biyu, daga nan ta daina ƙirgawa. Ta rame, barci ya ƙaurace mata, aka fara jin tana magana ita kaɗai. Ni ina Kudan, in na kira ta sai ta ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa.

Kawu, ƙanin Innarmu, wanda shi ne babba a danginmu, shi ya kira ni ya ce in zo in gani da idona.

Na iso da hantsi. Ƙullun mutane na zube a ƙasan zaure, kaji na ta caccaka, robobi a kife. Injin na ta ruri babu komai a cikinsa, Yaya kuwa na tsugune ta kara kunne a jikinsa.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yi shiru, Auta. Kina jin ta?"

"Wa?"

"Yarinyata. A ciki suka saka ta. Matan nan ne, kullum su zo da robobi suna yi mini dariya."

Na kashe injin. A kan taga na ga gwangwanin madara cike da ƙwayoyi, na ɗauka na nufi bayan gida in zubar. Ban kai ƙofa ba. Ƙarfen da ake murɗawa a tayar da injin yana jingine kusa da ita. Na ji iskarsa, na ɗaga hannu in kare kaina, sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na biyun ya same ni a kafaɗa, na faɗi cikin ƙullu. Daga ƙasa na kalli fuskarta. Babu fushi a ciki, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Fuska ce ta mai aikin da take son ta gama. Da maƙwabta ba su faɗo ba, da na gaba a kaina zai sauka. Maza suka rirriƙe ta, ta watsar da su, ta kwashi ƙwayoyin da suka zube har da ƙasa ta cusa a baki, ta fita da gudu ko mayafi babu.

Aka kai ni wurin mai ɗori. Muka yi kwanaki muna nemanta, har Paki aka aika. Ranar kasuwar Makarfi wani ɗan acaɓa ya ce ya hango ta wajen 'yan rake. Ni da Kawu muka hau babur, hannuna a rataye a wuya.

Tun daga bakin kasuwa muka ji ihu. "Ɓarauniyar yara! Ɓarauniyar yara!" Daga baya muka ji yadda aka yi: ta ga wata mata da goyo, ta kwance yarinyar daga bayanta ta rungume tana kiran sunan tata 'yar da ta rasu. Uwar ta ƙwala ihu. An ƙwace yarinyar lafiya, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma jama'a ta riga ta taru.

Na kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane. Yaya na kwance a cikin ɓawon rake, an yaga mata riga. Samari na jibgarta da sandunan rake, in ɗaya ya karye su zaro wani daga dami. Wani ya take mata yatsu da takalmi. Wani dattijo da hularsa tsaf ya ɗauki dutse da hannu biyu ya buga mata a gefen kai, jini ya ɓalle ta kunne. Ba ta kare kanta ba. Hannayenta na naɗe a ƙirji tana jijjigawa kamar mai rarrashi. Na hango wani yana gungaro tayar mota, wani na cewa a kawo fetur.

Ban san lokacin da na faɗa a kanta ba. Sanda ta sauka a bayana, wata ta sami ɗorin, na ji duniya ta yi fari.

"Yayata ce! Ba ta da lafiya! Ku ji tsoron Allah!"

Babu wanda ya ji ni. Mahauta ne suka cece mu. Ɗaya daga cikinsu abokin mijinta ne, ya gane ta. Suka shigo da wuƙaƙensu a hannu suka kewaye mu, shi kuwa ya ce duk wanda ya sake ɗaga hannu sai ya tsallake gawarsa. Jama'a ta ja baya tana gunaguni. Mai tayar ya jingine ta ya ɓace.

A gida na ce wa Kawu mu kai ta asibiti.

"Asibitin mahaukata?" in ji shi. "Wa kika taɓa gani an kai can ya dawo? Wannan aikin iska ne. Ke yarinya ce, ki bar wa manya."

Na bar wa manya. Hannuna a kumbure yake, kuma tsoronta nake ji. Aka kai ta gidan wani mai magani a wani ƙauye bayan Ikara, ni kuma na koma Kudan.

Sai da aka kwance mini ɗori na je dubo ta. Gida ne mai dogon katanga, ɗakuna a jere babu taga. Wani ƙato ya buɗe mini ɗaya. Wari ne ya fara tarbata. Yaya na zaune a ƙasa, an sa mata mari, wato ƙarfe a idon sawu, da sarƙa zuwa wani guntun gungume. Ƙarfen ya ci fata ya shiga nama, ƙudaje sun rufe wurin. An aske mata kai. A bayanta akwai sawun bulala, tsofaffi da sababbi, wasu a kan wasu.

Ina tsaye aka kawo kasko da garwashi, aka barbaɗa wani gari mai haɗe da barkono, aka lulluɓe kanta da bargo a kan hayaƙin. Ta yi ta tari tana shure-shure. Da ta ture kaskon, ƙaton ya zaro dorina daga ƙugu ya shiga zabga mata.

"Faɗi sunanka! Daga ina ka zo? Fita!"

Na riƙe masa hannu. Ya ce, "Hajiya, ba ita muke duka ba. Wanda ke jikinta muke duka, ita ba ta ji."

Yaya ta ɗago ta dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe. Ta ce, "Auta, ina ji."

Maigidana manomin dankali ne, mutum mai sanyi wanda bai cika magana ba. Na koma na ba shi labari. Washegari da safe sai ga mota a ƙofar gida. Ya ce, "Ɗauko mayafinki." Ba mu gaya wa Kawu ba.

A gidan maganin suka ce mai gidan ya yi tafiya da mabuɗin marin. Maigidana ya dubi gungumen, ya dubi direba.

"To, da shi za mu tafi."

Suka ciccibi gungumen, na riƙe Yaya, muka fito. Ƙaton ya tare ƙofa ya cakumi rigar maigidana. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya sa kafaɗa ya maka shi da bango har ƙasa ta zubo. Haka muka yi tafiyar nan har asibitin birni, gungume a ƙasan mota, ƙafar Yaya a kan cinyata.

Na zaci zan tarar da wani gidan marin ne mai fenti. Sai na ga itatuwan darbejiya, da bencina, da mutane a zaune suna jiran layi kamar a kowane asibiti. Wasu da kwat, wasu da hijabi, wasu da gicciye a wuya. Ba ka iya gane wane ne marar lafiya, wane ne ya rako.

Yaya na ganin masu fararen kaya ta birkice. Ta fizgi sarƙar ta shiga wulwulawa, ta fasa gilashin taga, mutane suka watse. Ma'aikata maza suka zo suka kewaye ta, ba da sanda ba, da bargo. Wata Sista gajeriya, 'yar kudancin Kaduna, ta matso tana yi mata magana a hankali. Yaya ta cafki damtsenta ta gartsa mata cizo, ta ƙi saki har jini ya biyo gwiwar hannu. Na runtse ido ina jiran ƙarar duka. Ban ji ba. Da na buɗe, an kwantar da Yaya a ƙasa, an danne kafaɗu da gwiwoyi, an yi mata allura, Sistar kuwa na riƙe da damtsenta tana cewa, "Mama, ba mai dukan ki a nan. Kin ji? Ba mai dukan ki."

Tana barci aka kira wani ma'aikaci da zarton ƙarfe ya yanke marin. Da aka ɗaga shi, fata ta biyo. Sistar, da nata bandejin a hannu, ita ta wanke gyambon.

Aka ba ta gado a ɗakin mata, aka ce mace ɗaya za ta iya zama da ita. Na zauna. A ƙofa aka zazzage jakata, aka karɓe reza, da ashana, da madubi, har da igiyar da nake ɗaure tabarma. Da kwanon roba ake cin abinci.

Kwanakin farko sun fi komai wuya. Jikinta na neman ƙwayar. Ta yi gumi ta jiƙa zanen gado, ta yi amai, ta yi zawo, ƙafafunta na harbawa su kaɗai. Ta ce tururuwa na yawo a cikin ƙashinta, ta yi ta yagar fatarta da farce har aka yanke mata su. Da ta fara buga kanta da ƙarfen gado, aka ɗaure hannayenta da ƙyalle mai faɗi. Na yi kuka na ce ai daga ɗauri muka gudo. Sistar ta ce in sa yatsana tsakanin ƙyallen da fatar in ji, kuma da ta lafa za a kwance. Kafin la'asar an kwance.

Ɗakin ba ya rabuwa da tashin hankali. Akwai wata matar aure da giya ta kawo ta, wadda in abin ya motsa sai ta ɗauki bokiti ta yi kan duk wanda ke kusa. Akwai wata ɗaliba da ba ta magana sam, wata rana da rana tsaka ta tashi ta shaƙe uwarta da ɗankwali. Mu masu jinya muka koyi zama da baya a jikin bango. Muka kuma koyi raba abinci da juna. Uwar ɗalibar Kirista ce daga wajen Saulawa, tun daga gaisuwa muka gane 'yan gida ne. In zan yi salla ita ke duba mini Yaya, in za ta je coci ranar Lahadi ni ke zama da 'yarta.

Wata safiya na raka Yaya banɗaki. Ta yi laushi kwana biyu, har ta fara amsa gaisuwa. Da muka shiga ta tura ƙofa da ƙafa.

"Auta, 'yar Innata. Ki fita bakin titi ki samo mini guda ɗaya. Ɗaya tak. Ba wanda zai sani."

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Ni na goya ki. Ni na tauna na ba ki."

"Na sani. Ba zan iya ba."

Hannayen nan da suka saba ɗaga buhu suka kama wuyana. Ta haɗa ni da bango, ƙafafuna suka bar ƙasa. Na so in yi ihu, babu iska. Na yi ta dukan ƙofa da dunduniya har idona ya fara rufewa. Matar Saulawa ce ta ji. Aka ɓalle ƙofar, aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Ranar na haɗa kayana. Na zauna a ƙarƙashin darbejiya da jaka a cinya, na kira maigidana na ce ya zo ya ɗauke ni, na gaji, kashe ni za ta yi. Ya ce in na ce ya zo zai zo, in sake kiransa bayan azahar. Sistar ta fito ta zauna kusa da ni da kwanon shinkafarta. Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba. Ta dai ce in na tafi za su kula da ita, in kuma na zauna kada in sake shiga banɗaki da ita ni kaɗai. Azahar ta yi ban kira ba.

Likitan da ke duba ta matashi ne. Abin da ya ba ni mamaki, ita yake tambaya, ba ni ba. Ya tambaye ta bayanta, da barcinta, da abin da take ji a cikin injin. Ya tambaye ta 'yarta. Tun da aka binne yarinyar ban taɓa jin wani ya tambaye ta ba, kowa haƙuri yake ba ta. Ta yi magana mai tsawo, har da irin kitson da ta yi mata ranar da zazzaɓin ya fara. Daga baya ya yi mini bayani cewa abu biyu ne suka haɗu, ƙwayar da kuma ciwon ƙwaƙwalwa, kuma ko ƙwayar ta fita daga jikinta, ɗayan sai an daɗe ana shan magani. Ya ce kunnenta na hagu ba zai sake ji ba.

Sannu a hankali ta fara barci. Ta fara cin abinci, har tana ƙorafin tuwon asibiti gari ne mai tsakuwa, wanda ya niƙa shi bai san aikinsa ba. Gashinta ya fara tsirowa, fari fat. Maganin ya sa ta nauyi, hannunta na rawa, miyau na zubo mata in ta yi gyangyaɗi. Aka rage, aka canza wani.

Wata rana muna zaune a baranda ina yanke mata farce, ta kama hannuna ta shafa inda ƙashin ya haɗe a karkace.

Na yi sauri na ce, "Faɗuwa na yi."

"Kada ki yi mini ƙarya, Auta. Ni ce. Ina tune da komai. Da zauren, da banɗakin, da cizon da na yi wa baiwar Allahn nan. Mutane na zaton mahaukaci ba ya sani. Ina sane. A lokacin gani nake kin haɗa kai da su, in ban kashe ki ba za ku niƙe mini yarinya. Haka na gani, kamar yadda nake ganin ki yanzu."

Ban ce na yafe ba, ita ma ba ta roƙa ba a ranar. Na ci gaba da yanke farcen. Da Sistar ta zo wucewa, Yaya ta miƙe da ƙyar ta durƙusa a gabanta har ƙasa. Sistar ta ɗago ta tana dariya, ta ce ai ba ita ce ta farko ba, amma dai haƙoranta sun fi na kowa.

Da aka sallame ta, Kudan na taho da ita. Kawu ya yi fushi ya daina amsa gaisuwata, sai da ya zo ya gan ta zaune tana tsince wake ta gaishe shi da sunan da take kiransa tun tana yarinya. Ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da babbar riga. An sayar da injin. Likita ya ce ƙararsa ba za ta yi mata kyau ba, ita ma ba ta nema ba.

Ba a nan abin ya ƙare ba. Da azumi ya zo ta daina shan maganin a ɓoye, ta ce ta warke, kuma yana sa ta kasala. Kafin salla ta daina barci. Ranar da ta ɗauki taɓarya ta farfasa randunan gidan ɗaya bayan ɗaya, na kwashe 'ya'yana na kulle su a ɗaki, maigidana ya tsaya daga nesa yana kiran ta Yaya, Yaya, har ta gaji ta zauna cikin ruwan. Da ta ɗago ta ce, "Ku mayar da ni wurin Sista kafin in taɓa wani." Muka mayar da ita. Wannan karon ba ta daɗe ba.

Yanzu tana ɗakin da ke kusa da nawa. Tana soya dankali da yamma a ƙofar gida, yara na saye, ko da yake akwai matan da har yau ba sa barin nasu su zo. In za a yi mata magana sai an zagayo ta dama. Ni ke ba ta magani da hannuna, in tsaya har ta haɗiye. Har yau in ta ɗaga hannu da sauri a kusa da ni sai jikina ya noƙe. Tana gani.

A watan jiya ranar ganin likita ta zo daidai da cire dankali, babu mai raka ta. Ta ce za ta je ita kaɗai. Na ƙi, maigidana ya ce a bar ta. Na sa ta a mota, na yi wa direba kashedi har ya gaji da ni. Yinin nan ban tsinana komai a gona ba. Tun la'asar ina bakin titi ina leƙa kowace mota.

Gab da magariba ta sauko, da ledar magani a hannu ɗaya, burodi a ɗayan. Ta ce likita ya ce ta yi ƙiba, Sista na gaishe ni, kuma direban nan ba ta sake shiga motarsa, mutum huɗu ya cusa a kujerar baya. Ta miƙo mini burodin ta wuce gaba, na bi ta a baya muka shiga gida.